Bindigogin fim ɗin Saving Private Ryan: wanne ne na 1944, wanne ne aikin 'yan fim?

Ɗan-Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan fim ɗin Saving Private Ryan ce, wanda Steven Spielberg ya fitar a 1998, mai nuna saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha da ke Normandi ranar 6 ga Yuni, 1944. Kowa sai yabonsa yake yi, wai babu fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu da ya kai shi kamanta gaskiya. Ni dai ɓangaren bindigogi kawai nake so masana su warware mini. Waɗanda ke hannun Kyaftin Miller da yaransa, su ne ainihin abin da soja irinsu zai riƙe a wannan watan? Ƙarar nan ta "ting" da bindigar Garand ke yi idan harsashi ya ƙare, gaskiya ce ko ƙari ne? Sai harbin da Jackson, maharbin da ke cikin yaran Miller, ya yi wa maharbin Jamus ta cikin madubin bindigarsa har ido, da kuma mutanen da ake nuna harsashi na hudawa a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan za su yiwu kuwa? Allah ya saka da alheri.

Maƙera ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan-Kallo. In dai maganar ƙarfen ce zalla, wato wace bindiga ce a hannun wa, fim ɗin ya yi ƙoƙari ƙwarai, da wuya ka kama shi da babban laifi. Inda ake kama shi sai bayan an ja kunama. Bari in ɗauki na Amurkawa, na Jamusawa wani ya kama mana.

Ta hannun Miller Thompson ce samfurin M1A1, kuma ta dace da lokacin. Hanyar gane ta a kowane fim ita ce ka duba mariƙin da ake ja a ɗana ta. Idan yana gefen dama, M1 ce ko M1A1, dukkansu sun fito a 1942. Idan yana sama, tsohuwar ce M1928A1, wadda yawanci za ka ga zobba-zobba a bututunta da ɗan ƙarfe mai tsaga a baki don rage ɗagawar bindiga. Duka biyun suna fagen fama a 1944, don haka ganin ko wacce ba kuskure ba ne. Kuskuren shi ne ka ga zagayayyen magazin nan mai cin harsashi 50 a jikin M1A1, domin ba a yanka mata gurbin da zai zauna ba. Ita 20 ko 30 take ɗauka. Kuma a riƙa lissafi: tana zubar da wajen harsashi 700 a minti, ke nan magazin mai 30 ba ya kai daƙiƙa uku idan aka danne kunama. Duk jarumin da ka ga ya share rabin minti yana feshi bai canza magazin ba, aikin mai tace hoto ne. A takarda, ƙaramar bindiga M1 Carbine ake ba hafsa, amma rundunar Rangers, wadda Miller ke ciki, tana da Thompson a hannunta kuma hafsoshi kan zaɓi abin da ya kwanta musu, saboda haka ba na ganin laifi a nan.

Ita Carbine ɗin, irin ta hannun Saje Horvath, ita ce tarkon da yawancin finafinai ke faɗawa. An ƙera sama da miliyan 6, kuma bayan yaƙi an mayar da mafi yawansu masana'anta an yi musu kwaskwarima. Waɗannan masu kwaskwarimar su ne suka cika rumbunan masu ba 'yan fim hayar makamai. Ta watan Yunin 1944 ba ta da ƙarfen maƙala banati a ƙasan bututu. Saitinta na baya ɗan ƙarfe ne da ake kifawa, fuska ɗaya yadi 150, ɗaya yadi 300. Magazin ɗinta miƙaƙƙe ne mai cin 15, shi lanƙwasasshen mai 30 sai a 1945 ya zo tare da sabon samfurinta M2. Makullinta na hana harbi ma maɓalli ne da ake dannawa, yana dab da maɓallin sakin magazin, har soja kan je buɗe makulli cikin ruɗewa ya yar da magazin ƙasa. Wannan ne ya sa daga baya aka mayar da shi na murɗawa. Ka tsayar da hoto ka duba waɗannan wurare huɗu, za ka san ko mai kula da makaman fim ya san aikinsa.

Reiben, ɗaya daga cikin yaran Miller, yana ɗauke da BAR, babbar bindiga mai sarrafa kanta, ba tare da ƙafafunta biyu ba. Wasu na cewa kuskure ne, alhali haka sojoji da yawa suka yi. Bindigar ta kusa kilo 9, ga ɗamara mai aljihu shida, kowane aljihu magazin biyu, jimla harsashi 240 a ƙugu. Mutum zai cire duk abin da zai iya cirewa. Matsalarta magazin mai 20 ne kawai kuma ba a sauya mata bututu a fili, shi ya sa gwani ke sakin uku-uku ko huɗu-huɗu.

Maganar "ting" kuwa gaskiya ce. Garand ba ta da magazin da ake cirewa. Harsashi 8 ne a jere cikin wani matsi na ƙarfe, ana cusa su gaba ɗaya ta sama da babban yatsa, gefen hannu yana tokare da mariƙin sakata. Da an harba na takwas, sakata ta tsaya a baya, matsin ya yi tsalle waje, shi ne ke wannan ƙara. Abin da ban yarda da shi ba shi ne labarin da ake yaɗawa cewa abokan gaba na kasa kunne su ji ƙarar su afka wa mutum. A wurin da igwa da mashinga ke tashi, wa zai ji faɗuwar ɗan ƙarfe daga nisan mita 50? Ko ya ji, ƙungiyar sojan ƙasa ta Amurka mutum 12 ce, ba tare harsashinsu ke ƙarewa ba, kuma sake lodi bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. A fim dai an ɗaga ƙarar fiye da yadda kunne zai ji ta.

Wani abu da ya burge ni: ledojin da aka sa bindigogi ciki a jiragen sauka. Masu kallo da yawa sun ɗauka leda ba ta zo ba a 1944. Pliofilm ce, daga roba ake yin ta, kamfanin Goodyear ya fito da ita tun shekarun 1930, kuma an raba ta ranar don kare bindiga daga ruwan gishiri da yashi. Duk da haka yashi ya cije bindigogi da yawa a Omaha, har sai da mutane suka kwanta bayan tudun tsakuwa suna warware su suna gogewa ana ruwan wuta a kansu.

Saiti ya rubuta:

Malam Maƙera ya gama da nasa, ni bari in tsaya kan Jackson, don a nan ne fim ɗin ya fi sakin layi.

Bindigar daidai ce. Springfield M1903A4, ita ce ta maharban sojan ƙasa na Amurka, kamfanin Remington ya ƙera ta, tana cin harsashi 5. Ba ta da saitin ƙarfe ko kaɗan, madubi ne kawai, kuma wanda aka fi ɗora mata shi ne M73B1 mai kusanto da abu ninki biyu da rabi. Ƙaramin madubi ne na farauta, ruwa na shigarsa ya yi hazo. Saboda yana zaune daidai saman ramin lodi, ba a iya zuba harsashi biyar a tashi ɗaya da matsi, sai dai a cusa su ɗai-ɗai da yatsa. Wannan na da muhimmanci idan kana ƙirga harbin maharbi a kowane fim: bayan biyar dole ka ga ya tsaya, kuma tsayawar ba 'yar ƙarama ba ce.

Matsalar tana wajen da ya cire ɗan gajeren madubin ya ɗaura dogon nan. Dogon Unertl ne mai ninki 8, kuma na rundunar Marines ne da suka yi yaƙi da Japan a tekun Pasifik, a kan wani samfurin daban, M1903A1. Ba ya hawa kan mazaunin madubin A4, sai an huda bututu da gaban bindiga an ɗaure masa nasa tubalan. Kuma yana zamewa gaba duk harbi, sai maharbi ya jawo shi baya da hannu. Ko a ce ya samo shi a wani wuri, akwai abin da ya fi wannan: duk madubin da aka ɗora sabo sai an gwada shi. Ka harba uku a nisan da ka sani, ka ga inda suka taru, ka murɗa sama ko ƙasa, hagu ko dama, ka sake harbawa. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a mazaunin madubi yana zama taƙi guda ko fiye a mita 400. Babu maharbin da zai sauya madubi cikin ruwan sama, abokinsa Caparzo na kwance yana zubar da jini, ya sa ran harsashin farko zai faɗa inda ya nufa.

Shi kuwa harbi ta cikin madubi, hujjar da aka fi kawowa ita ce wai harsashi na lanƙwasowa ƙasa a irin wannan nisa, don haka ba zai bi bututun madubi a miƙe ba. Ku yi lissafin ku gani. Harsashin .30-06 na fita da gudun wajen mita 850 a daƙiƙa, yana cin mita 400 cikin rabin daƙiƙa da 'yan kai, yana faɗuwa wajen mita ɗaya da rabi. Amma karkatarsa lokacin isa ba ta kai rabin digiri ba. A tsawon madubi na santimita 30, wannan milimita biyu ne ko ƙasa da haka. Ba ita ce ke hana shi ba. Gilasan ne. Madubi na da gilasai masu kauri a jere, na farko ya fasa rigar harsashin ya karkatar da shi, na biyu ya ƙarasa, sai ya fita ta gefe ko ya tarwatse a ciki. Carlos Hathcock na Marines ya ba da labarin ya yi irin wannan harbi a Biyetnam, amma madubin da ake ɗorawa kan Mosin-Nagant, irin bindigar da ke hannun wanda ya harba, gajere ne ƙwarai. Hukuncina: ba abin da ba zai taɓa yiwuwa ba ne, sai dai sa'a ce, ba gwaninta ba, fim ɗin kuma gwaninta ya nuna.

Abu biyu da suka yi daidai. Jackson bahago ne, yana tsallako da hannun hagu ta saman bindiga ya ja sakata, haka bahagon soja ya yi fama don ba a ƙera ta hagu ba. Sannan Caparzo ya faɗi kafin a ji ƙarar harbin. Sauti mita 343 yake yi a daƙiƙa, harsashi ya ninka shi, dole ya riga shi isowa.

Gimbiya ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Na Jamusawa ga shi.

Mashingar MG42 ce ke yi wa gaɓar ruwan wuta, kuma sautinta a fim ɗin ya yi. Wajen harsashi 1,200 take fitarwa a minti, 20 a daƙiƙa, kunne ba ya iya raba su, sai ka ji kamar ana kece yadi. Ba banza ba fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti. To amma wannan gudun shi ne ciwonta. Jigida mai harsashi 250 ba ta wuce daƙiƙa 13 idan aka danne. Bututu na yin zafin da zai cinye zanen cikinsa, saiti ya watse. Shi ya sa aka horar da masu ita su riƙa sakin biyar zuwa bakwai su ɗaga yatsa, kuma su sauya bututu bayan wajen harsashi 150 na wuta ba ƙaƙƙautawa. Sauyawar ba wuya: a ja sakata baya, a tura maƙallin da ke gefen dama, ƙofa ta buɗe ta fito da gindin bututun waje, a zare shi da tsumman asbestos don kada ya ƙona hannu, a zura sabo a rufe. Ƙwararru ba sa kai daƙiƙa 10. A wajen harin tashar rada a fim ɗin, dabarar Miller ta dogara ne kan wannan ɗan tsaikon, marubucin ya san abin da yake yi. A gaɓar teku kuwa an bar bindigar tana ta zuba kamar ba ta da bututun da zai yi zafi.

Ga mai son bin diddigi a wasu finafinai: sau da yawa abin da ake nuna maka a matsayin MG42, M53 ce ta Yugoslabiya ko MG3 ta Jamus ta bayan yaƙi. Ita MG3 ana gane ta a saitin baya, lambobinsa na tsayawa a mita 1,200, na asalin kuwa har 2,000.

Babban abin da ban yarda da shi ba a gaɓar ba bindiga ba ce, mazauninta ne. Dogayen gine-ginen siminti masu faffaɗar taga suna kallon teku kai tsaye, na ado ne. Yawancin ramukan simintin Omaha an gina su ne suna harbi a tsawon gaɓa, daga gefe, da katanga mai kauri ta ɓangaren teku don jiragen ruwan yaƙi kada su hango walƙiyar harbi. Wutar gefe ta fi kisa, harsashi ɗaya na ratsa layin mutane maimakon ya wuce tsakaninsu. Kuma ba duka makaman wurin na Jamus ba ne, rundunonin tsaron gaɓa cike suke da ganimar Faransa da Poland da Cekoslobakiya.

Ita kuma MP40, ƙaramar bindiga mai feshi, finafinan da suka gabata sun saba raba ta ga kowane Bajamushe. An ƙera ta wajen miliyan ɗaya, ita kuwa Kar98k mai sakata da harsashi 5 ta haura miliyan 14. Shugaban ƙungiya ke riƙe MP40, sauran Kar98k, aikinsu su ɗauko wa mashinga harsashi su kare ta. Wannan fim ɗin ya fi na baya kiyaye hakan. A lura da riƙo kuma: wanda ya damƙi magazin ɗin MP40 ya mai da shi mariƙi yana karkatar da bakinsa, bindiga ta cije. Ana riƙe gidan da magazin ke shiga ne, ko ƙasan bindigar a bayansa.

Maganar ruwa, Malam Ɗan-Kallo, an yi ƙari. Ruwa ya fi iska kauri wajen sau 800. Harsashin bindiga mai gudu da ya shige shi sai ya juya gefe ya farfashe, ƙarfinsa ya ƙare cikin mita ɗaya ko biyu. Ga shi daga tudu mai tsayin mita 30 zuwa 50 ake harbowa zuwa nisan ɗaruruwan mita, a kwance yake isowa, da yawa ma tsalle za su yi a kan ruwan. Wanda ke dab da saman ruwa zai iya samun rauni, amma ba a yi layi fes har ƙasa a huda ƙirji ba. Abin da ya kashe mutane a ruwan nan nauyin kaya ne, da ɗamarar iska da aka ɗaura a ƙugu: an hura ta, kayan baya sun rinjayi mutum, ƙafafu sama, kai ƙasa.

Fanko ya rubuta:

Hajiya Gimbiya ta taɓo wani abu da ya kamata a fayyace. Wasu "kurakuran" ba jahilcin tarihi ba ne, dole ce ta aikin fim.

Harsashin fim ba shi da kai. Kwanso ne da albarushi, an tsuke bakinsa. Bindiga mai sakata irin Kar98k ko Springfield ba ruwanta, hannu ke juya ta. Amma mai sarrafa kanta tana buƙatar matsin hayaƙi. A Garand akwai ɗan rami kusa da baki, hayaƙin da ke bayan harsashi ke bi ta nan ya tura sandar da ke mayar da sakata baya. In babu kan harsashi da zai toshe bututu na ɗan lokaci, hayaƙin sai ya fice ta baki, bindiga ta yi harbi ɗaya ta tsaya. Don haka masu kula da makaman fim kan tsuke bututun daga ciki yadda kyamara ba za ta gani ba. Tsukewar ta yi yawa, sakata ta riƙa dukan baya da ƙarfi har wani abu ya lanƙwashe. Ta yi kaɗan, kwanso ya maƙale a ƙofa. Albarushin kuma na barin datti fiye da na gaske, shi ya sa cijewa ta yi yawa a wajen ɗaukar fim.

Abin da wannan ke jawowa a allo shi ne rashin shuri. Garand ta gaske na bugun kafaɗa, baki ya ɗaga, sai an sake nemo saiti. Da harsashin fim ɗan motsi kaɗan take yi, sai ɗan wasa ya ƙirƙiri shurin da jikinsa, wani ya yi kafin harbin ma ya tashi. Wutar baki kuma ana ƙara ta da gangan don kyamara ta kama, alhali da rana tsaka ba kasafai ake ganin ta haka ba. Ka tsayar da hoto lokacin da mashinga ke aiki ka dubi jigidar, sau da yawa za ka ga bakin kwanson a tsuke babu kai. Masu kai sai a hoton kusa, su kuma babu albarushi a cikinsu. Sojojin da ke can baya suna gudu cikin ruwa, bindigogin roba ne a hannun yawancinsu, babu mai jefa ɗaruruwan bindigogin gaske cikin ruwan gishiri.

Ɗan-Kallo ya rubuta:

Madalla, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya. A faɗan ƙarshe na gada, inda suke buga gindin harsashin ƙaramar igwa a kan ƙarfe su jefa da hannu kamar gurneti, wannan kam ai ƙirƙira ce ko?

Maƙera ya rubuta:

A'a Malam, wannan ya faru, har sau biyu da aka rubuta a takardun lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. Kofur Charles Kelly ya yi haka a Altavilla ta Italiya a Satumban 1943, Beauford Anderson kuma a Okinawa a Afrilun 1945. Harsashin igwar mai milimita 60 bai kai kilo ɗaya da rabi ba, hannu na iya wurga shi, kuma abin da ke tayar da shi yana jiran girgizar harbi ne kafin ya ɗanu, bugun ke maye gurbinta. Haɗarin a fili yake, an yi shi ne don ya faɗi can nesa, ba inda hannu ke iya kaiwa ba, dole mai jifa ya kasance bayan katanga ko cikin rami. In kana neman ƙirƙira a wannan faɗan, dubi tankokin. Tankar Jamus Tiger da aka nuna, T-34 ce ta Rasha aka yi wa riga, ƙafafunta ke tona ta, kuma a makon da fim ɗin ya sa faɗan, Tiger na Normandi suna fuskantar Turawan Ingila ne ta wajen Villers-Bocage, ba Amurkawa ba.